Tafiyar Yini Guda Daga Tashar Klang: Yadda Kogon Batu Da Masana'antar Kuza Ke Cin Kasuwar Jiragen Ruwa

Manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa da ke ratsa mashigin Malaka tsakanin Singafo da Penang da Phuket sukan ya da zango a tashar Klang ta ƙasar Malesiya. Galibi jirgi yakan iso da sanyin safiya ya tashi da maraice, saboda haka fasinjojin da ke cikinsa, waɗanda kan kai dubu biyu ko uku ko ma fiye, ba su da abin da ya wuce sa'o'i takwas zuwa goma a doron ƙasa. Daga cikin tafiye-tafiyen da ake sayar masu don cike wannan ɗan lokaci, akwai wata da ta daɗe tana samun kasuwa, wato ziyarar Kogon Batu, wurin bautar mabiya addinin Hindu, tare da masana'antar Royal Selangor da ke ƙera kayayyaki da kuza. Wanda ya bi sawun kuɗin da ake kashewa a wannan tafiya zai ga abubuwa da dama game da tattalin arzikin Malesiya, da kuma wani tarihi da ya haɗa ta da Nijeriya.

Wurin da fasinjoji ke sauka yana tsibirin Pulau Indah ne, fiye da kilomita 50 daga Kuala Lumpur, kuma mota takan ci sa'a guda ko fiye kafin ta shiga birnin, gwargwadon cunkoson hanya. Wannan nisa shi ne jarin kamfanonin jiragen. Fasinjan da ya sauka ba zai iya takawa da ƙafa ya shiga gari ba, dole ya hau mota, kuma yana da zaɓi biyu: ko ya sayi tafiyar da jirgin ya shirya, ko ya yi jinga da direban tasi a bakin tasha a kan farashi mai rahusa. Abin da ke sa da yawa su zaɓi na farko shi ne alkawarin da kamfanoni ke yi cewa idan motar da suka shirya ta makara, jirgi zai jira ta, amma wanda ya tafi don kansa ya makara, sai dai ya nemi hanyar da zai tarar da jirgin a tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa. Tsoron a tafi a bar mutum, shi ake sayarwa tare da kujerar mota.

Ba kamfanin jirgin ne ke gudanar da tafiyar ba. Yakan ba wani kamfanin cikin gida kwangila, shi kuma ya samar da motoci da direbobi da 'yan rakiya masu lasisi, sannan jirgin ya ɗora ribarsa a kai ya sayar wa fasinja tun kafin a baro gida ko a cikin jirgi. Masu nazarin wannan sana'a sun sha nuna cewa kason da jirgi ke riƙewa yana da kauri, a wasu tashoshin ma yakan kai rabin abin da fasinja ya biya. Ba abin mamaki ba ne, domin a lissafin manyan kamfanonin kusan sulusin kuɗin shiga ba daga tikitin tafiya yake fitowa ba, daga abin da fasinja ya kashe bayan ya hau jirgi ne, wato shaye-shaye da caca da kantuna da irin waɗannan tafiye-tafiye na yini guda. Ƙungiyar kamfanonin jiragen ta duniya ta ce mutum miliyan 29.7 ne suka yi irin wannan balaguro a 2019, adadin ya kai miliyan 31.7 a 2023.

Ta fuskar ƙasar da aka sauka a cikinta, lissafin ba shi da daɗi haka. Fasinjan jirgin ruwa ba ya kama ɗaki a otal, ya karya kumallo a jirgi, kuma abincin darensa na jiran sa a can. Shi ya sa ma masu ƙididdiga ba sa sanya shi cikin jerin baƙin da suka kwana. Malesiya ta karɓi baƙi masu kwana miliyan 26.1 a 2019, waɗanda suka kashe Ringit biliyan 86.1, kuma irin waɗannan ne ginshiƙin harkar. Daga mai yini guda kuwa, abin da ƙasa za ta samu bai wuce kuɗin tasha da ladan mota da na ɗan rakiya da abin da ya saya da hannunsa ba. Don haka duk mai shirya tafiyar yana neman wurare iri biyu: wanda zai burge ido ba tare da ya ci kuɗi ba, da wanda zai sa baƙo ya buɗe jaka. Kogon Batu da Royal Selangor sun cika waɗannan sharuɗɗa, ga shi kuma duk suna arewacin birnin, ba su da nisa da juna.

Kogon Batu yana gundumar Gombak ta jihar Selangor, kimanin kilomita 13 daga tsakiyar Kuala Lumpur, cikin wani tsauni na dutsen farar ƙasa da masana suka ƙiyasta shekarunsa sun kai miliyan 400. Amfanin farko da aka yi da shi na kasuwanci ne, domin tun wajajen 1860 Sinawa manoma ke kwasar kashin jemagu daga ciki suna takin lambu. A farkon shekarun 1890 ne wani attajiri ɗan ƙabilar Tamil, K. Thamboosamy Pillai, wanda ya yi arziki da haƙar kuza da kwangilolin gwamnatin mulkin mallaka, ya mai da babban kogon wurin bautar Murugan, kuma tun 1892 ake yin bikin Thaipusam a wurin. Matakalar katako aka fara kafawa a 1920, daga baya aka maye gurbinta da ta siminti mai hawa 272. A watan Janairu na 2006 aka ƙaddamar da mutum-mutumin Murugan mai launin zinariya a gindin matakalar, tsayinsa mita 42.7, wato ƙafa 140.

Mutanen da suka raya wurin zuriyar ma'aikatan da Ingila ta kwaso daga kudancin Indiya ne don aikin gonakin roba da shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. A ƙidayar 2020 mabiya Hindu sun ɗan haura kashi 6 cikin 100 na jama'ar Malesiya, ƙasar da Musulmi suka fi kashi 60 cikin 100. Hukumar da ke kula da haikalin Sri Mahamariamman na cikin Kuala Lumpur ita ce ke riƙe da Kogon Batu, kuma daga wancan haikali ne ake jawo keken azurfa zuwa kogon a lokacin Thaipusam, cikin Janairu ko Fabrairu. A kwanakin bikin dubban ɗaruruwan mutane ke hallara, wasu ɗauke da tulunan madara, wasu da manyan kayan bakance a kafaɗa. Masu sayar da furanni da kwakwa da abinci da masu aski sukan yi cinikin da ba sa yi a sauran watanni. Sai dai ranar ba ta masu motocin jirgin ruwa ba ce, domin motar da ta kutsa cikin wannan taro ba ta da tabbacin fita a kan lokaci.

Shiga babban kogon kyauta ne, kuma wannan ne ya sa mai shirya tafiya ke son sa. Baƙo yakan samu kimanin sa'a guda: ya hau matakala, ya tsaya a ƙarƙashin rufin dutse mai tsayin kusan mita 100, ya yi fama da birai masu fizge abinci da kwalaben ruwa, ya ɗauki hoto ya sauko. Akwai ƙa'idar sutura, macen da tufarta ba ta rufe gwiwa ba sai ta nemi zane a bakin matakala kafin a bar ta ta hau. Abin da ya rage wa mazauna wurin daga irin wannan baƙo ɗan kaɗan ne, ruwan kwakwa ko ƙaramin abin tunawa, alhali shara da gyaran matakala da tsaro duk suna wuyan hukumar haikalin, wadda ta fi dogara ga gudummawar masu ibada. A nan akwai rashin daidaito da ba a cika faɗa ba: wurin da ya fi jawo baƙin shi ne ya fi samun ƙaramin rabo daga kuɗin da suka biya.

Hukumar ba ta zauna ta naɗe hannu ba. A watan Agusta na 2018, gabanin wani bikin tsarkake haikalin, ta sa aka shafe matakalar da fenti mai launuka iri-iri. Hotunan suka bazu a Instagram da Facebook, baƙi suka ƙaru, kuma talla ce da ba a biya ko sisi a kanta ba. Amma hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa ta nuna rashin jin daɗi cewa ba a nemi izininta ba, tun da wurin yana cikin jerin wuraren da doka ta kare. A farkon 2024 kuma hukumar haikalin ta bayyana shirin kafa matakala mai aiki da lantarki saboda tsofaffi da naƙasassu. Ga masu jiragen ruwa, waɗanda da yawa daga cikin fasinjojinsu dattawa ne, wannan labari ne mai daɗi, domin hawa 272 cikin zafi da gumi yakan sa wasu su tsaya a ƙasa, wasu ma su fasa sayen tafiyar.

Daga kogon motar takan nufi unguwar Setapak, inda Royal Selangor take tun 1977. Labarin wannan kamfani ba ya rabuwa da na birnin kansa. Kuala Lumpur ta samo asali ne a 1857, lokacin da Raja Abdullah ya tura Sinawa 87 su haƙi kuza a Ampang, kuma kuzar ce ta sa aka shimfiɗa dogo zuwa Klang a 1886, aka buɗe tashar jiragen ruwa a 1901 da sunan Port Swettenham, wadda aka sauya wa suna zuwa Port Klang a 1972. A 1885 wani saurayi maƙeri mai suna Yong Koon ya iso daga Shantou ta ƙasar Sin, ya soma ƙera mazubin turare da mariƙin kyandir don wuraren bautar Sinawa. Da Turawa suka yi yawa sai ya ƙara da kofunan sha da butocin shayi da mazubin tokar taba. Bayan 'ya'yansa sun rarrabu, ɗaya daga cikinsu, Yong Peng Kai, ya ci gaba da sana'ar da sunan Selangor Pewter daga 1942. Sarkin Selangor ya naɗa kamfanin maƙerin fada a 1979, kuma a 1992 ya koma amsa sunan Royal Selangor. Ya sayi tsohon kamfanin Englefields na Landan a 1987 da na maƙeran azurfa Comyns a 1993, wato ɗan mulkin mallaka ya koma yana sayen kamfanonin iyayen gidansa na da. Har yanzu zuriyar Yong Koon ke riƙe da shi.

Abin da ake ƙerawa da shi haɗin ƙarfe ne da Turawa ke kira fiyuta. Fiye da kashi 90 cikin 100 nasa kuza ce, sai ɗan antimoni da tagulla don su ƙara masa ƙwari, domin kuza zalla tana da taushi ƙwarai. A da akan zuba dalma a ciki, amma an daina saboda gubarta, kuma wannan ne ya ba shi damar shiga kasuwannin Turai da Amurka a matsayin mazubin abinci da abin sha. Kuza tana narkewa a ma'aunin zafi 232 kacal, ƙasa ƙwarai da tagulla ko baƙin ƙarfe, saboda haka ba a bukatar babbar maƙera. Ma'aikaci yakan ɗebi narkakken ƙarfen da ludayi ya zuba a cikin ma'auni, cikin ɗan lokaci ya daskare, a fitar a kankare, a goge, a liƙa hannu ko murfi, wani kuma a bubbuga masa ado da guduma. Ɓurɓushin da ya zuba ba ya zama asara, ana sake narka shi. Darajar kayan ba a nauyin ƙarfen take ba, a aikin hannu da zane da suna take, shi ya sa kofi guda kan ninka kuɗin kuzar da ke jikinsa sau da yawa.

A 2004 kamfanin ya buɗe cibiyar baƙi a harabar masana'antar, kuma yadda aka tsara ta abin nazari ne ga duk mai sana'ar hannu. Shiga kyauta ne, ɗan rakiya ma kyauta. A ƙofa akwai ƙaton kofin da aka ƙera a 1985 don cikar kamfanin shekara 100, tsayinsa kusan mita 2, nauyinsa kilo 1,557, wanda littafin Guinness ya amince shi ne mafi girma a duniya. A ciki ana nuna tsofaffin kuɗaɗen kuza masu siffar kada da giwa da aka yi ciniki da su a ƙasashen Malay, sannan a bi da baƙo ta gefen ma'aikata yana kallon yadda suke zubi da guga. Mai so yakan biya kuɗi ya shiga wani ɗaki a ba shi faifan fiyuta da guduma da ma'aunin katako, ya buga wa kansa ƙaramar tasa cikin rabin sa'a, ya hatimce sunansa a jiki ya tafi da ita. Hanyar fita kuwa ta cikin kanti ta bi. Wanda ya gwada bugun da hannunsa ya ga wuyarsa, ba ya cika yin gardama a kan farashi idan ya iso wurin biya.

Abin lura shi ne kamfanin ya bunƙasa a daidai lokacin da haƙar kuza ke mutuwa a ƙasar. A 1979 Malesiya ta fitar da kusan tan 63,000, kimanin kashi 31 cikin 100 na abin da duniya ta samar. Farashin yana hannun Majalisar Kuza ta Duniya, wadda ke saye ta ajiye idan ya faɗi, ta sayar idan ya tashi. Da gwangwanayen alminiyam da roba suka rage bukatar kuza, ƙasashen da ba sa cikin yarjejeniyar irin su Brazil kuma suka cika kasuwa, majalisar ta dinga cin bashi tana saye har kuɗi suka ƙare. Ranar 24 ga Oktoba, 1985, aka dakatar da cinikin kuza a kasuwar ƙarafa ta Landan, bashin ya kai wajen fam miliyan 900, kuma farashin da ya haura fam 8,000 a kan tan ya faɗo ƙasa da rabin haka cikin watanni. Ɗaruruwan ma'adinai suka rufe a Perak da Selangor. Wasu daga cikin ramukan an mai da su tafkuna da unguwanni, kamar Sunway da tsohon ramin Sungai Besi.

Wannan faɗuwa ba Malesiya kaɗai ta taɓa ba. Nijeriya tana cikin waccan majalisa, kuma tana cikin ƙungiyar ƙasashe masu arzikin kuza da aka kafa a 1983 tare da Malesiya da Indunusiya da Tailan da Bolibiya. Dangantakar ma ta girmi haka. Tun kafin zuwan Turawa maƙeran Riruwai suna narka kuza suna fitar da ita siri-siri kamar tsinke ana kai wa kasuwar Kano. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuzarta, sai ta juyo kan tsaunukan Jos, aka ɗebi dubban talakawa daga lardunan Arewa aka kai su aikin tilas a ma'adinai, da yawa kuma suka rasu saboda sanyi da cuta da ƙarancin abinci. Bayan samun 'yanci an kafa masana'antar narka kuza ta Makeri a Jos, amma ƙarewar kuzar da ke kusa da sama da rushewar farashi a 1985 suka durƙusar da manyan kamfanoni, aikin ya koma hannun masu haƙa da diga da shebur. Bambancin shi ne a Selangor an samu wanda ya mai da ƙarfen kaya mai suna da ake nema a kantunan duniya, a Filato kuwa ɗanyen ake fitarwa tun farko, kuma tafkunan da aka bari sun fi zama haɗari ga jama'a da dabbobi.

Ita kanta tashar da fasinjoji ke sauka ta ga sauyin zamani. Kamfanin Star Cruises, wanda rukunin Genting ya kafa a 1993, shi ya gina ta a tsakiyar shekarun 1990, daga baya ta koma hannun Boustead. Da annobar korona ta zo, Malesiya ta rufe iyakokinta ranar 18 ga Maris, 2020, ba ta buɗe su sosai ba sai 1 ga Afrilu, 2022, kuma tsawon wannan lokaci direbobi da 'yan rakiya suka rasa abin yi. A 2021 Boustead ta sayar da tashar a kan Ringit miliyan 230 ga haɗin gwiwar kamfanonin da ke gudanar da Westports da Northport, a watan Janairu na 2022 kuma Genting Hong Kong, uwar Star Cruises, ta nemi kotu ta rushe ta saboda bashi. Sababbin masu tashar kamfanonin kaya ne, kuma a 2023 tashar Klang ta sarrafa kwantena fiye da miliyan 14, don haka fasinja ƙaramin reshe ne a lissafinsu. A kan wannan tsibiri na Pulau Indah ne kuma kamfanin Malaysia Smelting Corporation ya kafa sabuwar masana'antarsa ta narka kuza, wadda ke dogara ga ɗanyen da ake shigo da shi daga ƙasashen waje, ciki har da na Afirka, kuma kusan rabin kuzar da duniya ke amfani da ita yanzu tana tafiya ne wajen liƙin kayan lantarki irin su wayar hannu da kwamfuta.